Darasi daga ƙashin saniya

Duk wanda ya taɓa shiga mayanka da safe ya san inda ƙasusuwa ke ƙarewa. Mahauta su yanke tsoka, masu romo su ɗebi na ɓargo, sauran a tara su tsibi guda har mai saye ya zo ya ƙona, ya niƙa, a zuba a abincin kaji. Amma ka ɗauki kan ƙashin cinyar saniya da aka fasa da gatari, ka duba shi da kyau. Bayansa sumul ne mai tauri, cikinsa kuwa saƙa ce ta siraran ginshiƙai, da ƙananan ƙofofi masu buɗewa cikin juna. Wannan saƙar ta yi kama ƙwarai da ta ƙashin ɗan Adam, kuma saboda ita ne yau ƙashin saniya ke shiga ɗakin tiyata.

Allah ya yi ƙashi da baiwar gyara kansa. In mutum ya samu karaya, aikin mai ɗori ko likitan Asibitin Ƙashi na Dala shi ne ya daidaita bakin karayar, ya hana ta motsi. Haɗuwar kuwa jiki ne ke yin ta. Akwai ƙwayoyin halitta masu cinye tsohon ƙashi, akwai masu gina sabo, suna aiki dare da rana. Matsala takan taso in giɓin ya yi faɗi: ƙashi ya ragargaje a haɗarin mota, ko an yanke wani ɓangare saboda ciwon daji, ko muƙamuƙi ya zaizaye bayan cire haƙori. A nan maginan ba su da abin takawa su tsallaka. Mafi kyawun mafita har gobe ita ce a ɗebo ƙashi daga ƙugun majinyacin kansa a cike giɓin. Sai dai hakan ya zama rauni biyu a jiki ɗaya, kuma abin da za a iya ɗiba kaɗan ne.

Tunanin aro daga dabba ya daɗe. A wani littafi da aka buga a 1668, likitan Holand Job van Meekeren ya ba da labarin sojan da aka toshe masa ƙoƙon kai da ƙashin kare. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun sha cin karo da abu guda: garkuwar jiki ba ta karɓar baƙo. Wajen kashi biyu cikin uku na ƙashi ma'adini ne na kalsiyam da fosfet, sauran kuwa furotin ne da kitse da ruwa. Furotin ɗin ne jiki ke shaidawa a matsayin na waje, ya tasar masa da kumburi. Sai masana suka koma cire shi ɗungurungum, da sinadarai da zafi. Wasu kamfanoni na gasa ƙashin a ma'aunin zafi kusan 300, wasu har sama da 1,000. Abin da ke saura farar tsakuwa ce marar nauyi, ba wari, ba rai, amma ƙofofinta na nan yadda aka halitta su.

Kamfanin Geistlich na Suwizalan, wanda ya fara a 1851 da dafa ƙasusuwa don yin gam, shi ne a shekarun 1980 ya fito da irin wannan tsakuwar mai suna Bio-Oss, wadda likitocin haƙori ke amfani da ita a ƙasashe da yawa. Bayan an gano cutar haukan shanu a Birtaniya a 1986, an ƙara tsaurara sa ido kan asalin dabbobin, shi ya sa ake ɗaukar na ƙasashe irin su Ostareliya. Ana kuma sarrafa ƙashin doki da na alade, don haka haƙƙin majinyaci ne ya tambayi likita daga wace dabba aka samo abin da za a sa masa. A gida ma, masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi aiki kan fitar da wannan ma'adini daga ƙashin shanu da na kifi.

To me ke faruwa bayan likita ya kwaɓa tsakuwar da jinin majinyaci, ya cusa a giɓin, ya ɗinke? Jini ya cika ƙofofin. A hankali siraran jijiyoyi su kutsa ciki, maginan ƙashi su biyo su, su zauna a kan ginshiƙan, su fara shimfiɗa sabon ƙashi. Bayan watanni giɓin ya cike. Aikin ƙashin saniya a nan irin na dangar kara ne da yaɗon duma ke bi ya hau: danga ba ta haihuwar duma, amma in babu ita, a ƙasa zai kwanta. A 1965 Marshall Urist na Amurka ya nuna cewa abin da ke umartar jiki ya tsiro da sabon ƙashi yana cikin ɓangaren furotin ne, wato wanda aka riga aka cire. Ke nan baƙon ba ya ba da umarni, wuri kawai yake bayarwa. Shi ya sa in majinyaci na shan taba sosai, ko ciwon suga ya yi masa yawa, ko wurin ya kamu da ƙwayoyin cuta, dashen kan iya lalacewa komai tsadarsa.

Abin lura a nan ya shafi duk mai hannu da shuni, da uba, da malami, da maigidan da ke da yaran shago. Da yawa daga cikinmu muna taimako, amma muna haɗa shi da abin da zuciya ba ta iya haɗiyewa: gori, da son a san mu muka yi, da neman juya rayuwar wanda muka taimaka. Addini ya riga ya gargaɗe mu cewa gori na ɓata sadaka. Sau nawa aka ba ɗan'uwa jari, sannan aka bi shi da ƙididdigar kowace naira a gaban jama'a, har zumunci ya yi tsami? Sau nawa uba ya toshe wa ɗansa kowace ƙofa da nasa ra'ayin, ya zaɓa masa karatu da sana'a da mata, sannan ya yi mamakin ganin yaron bai iya tsayawa da ƙafarsa ba? Taimakon da ke ɗorewa sai an tsarkake shi, sannan a bar masa ƙofofin da mai karɓa zai shiga da nasa ƙoƙarin.

Shi ma mai karɓa yana da nasa rabon. Hausawa kan ce tashi in taimake ka. Jari da kuɗin makaranta da keken ɗinki duk matakai ne, ba sa zama arziki sai wanda aka ba ya zuba musu guminsa. Saboda haka in za ka taimaki wani, ka ba shi abin takawa, ka kame bakinka daga gori, ka ba shi lokaci. In kai aka taimaka wa, ka sani aikin gini naka ne, kuma babu wanda zai yi maka shi.