Masu Gida da Haƙƙin Baƙo a Filin Wasa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mutanen birnin Kano sun daɗe da sanin Indiya ta wajen fim, amma ba kowa ya san abin da ke motsa zukatan mutanen ƙasar har fiye da fim ba, watau wasan kurket. Turawan Ingila ne suka kai musu shi, kamar yadda suka kawo ƙwallon ƙafa ƙasar Hausa. Wasa ne na sanda da ƙwallo, wani irinsa har kwana biyar akan yi ana bugawa. Tun da Indiya ta ci kofin duniya a 1983 son wasan ya game birni da ƙauye, yaro ya sami guntun katako ya mai da lungu fili.

To, wannan so ya taɓa nuna fuska biyu. A 1996, a birnin Kalkata, da 'yan kallo suka ga Sri Lanka za ta fitar da ƙasarsu daga gasar kofin duniya, sai suka yi ta jifa da kwalabe, suka kunna wuta a wuraren zama, har aka tsai da wasa aka ba baƙi nasara. A 1999 kuwa, a birnin Chennai, Pakistan ta doke Indiya da ratar maki 12 kacal. Ƙasashen nan biyu sun gwabza yaƙi a 1947 da 1965 da 1971. Amma duk da haka jama'a suka miƙe tsaye suna tafa wa 'yan wasan Pakistan, su kuma suna zagaya filin. Ƙasa ɗaya, wasa ɗaya, so ɗaya.

Mai karatu ba ya bukatar zuwa Indiya kafin ya ga irin wannan so. Ya isa ya tsaya Ƙofar Mata ranar da Kano Pillars ke wasa. An kafa ƙungiyar a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kirarinta kuwa ko yaro ya san shi: Sai Masu Gida.

Waɗansu na ganin maganin fitinar fili shi ne a haramta wasan baki ɗaya. Wannan gaggawa ce. An ruwaito Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya yi kokawa da Rukana, ya kuma bar mutanen Habasha suna wasa da masu a cikin masallaci ranar idi. Matuƙar ba caca, ba a tozarta salla, ba a bayyana tsiraici ba, wasa halal ne, murnar cin nasara kuma ba zunubi ba ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne ta'assubanci. Asalin kalmar a Larabci yana komawa ga ɗaurewa, daga nan ne aka sami asaba, watau dangin mutum na wajen uba waɗanda ake ambata a babin gado. Malamai sun bambance: mutum ya so nasa ba laifi ba ne, laifin shi ne ya taya nasa a kan zalunci. Wanda ya yi baƙin ciki an ci ƙungiyarsa, masoyi ne. Wanda ya ɗauki dutse, ɗaurin ya kai ga idonsa.

A watan Afrilu 2022, cikin Ramalana, Katsina United ta zo wasa filin Sani Abacha. Waɗansu 'yan kallo suka ta da yamutsi, aka farfasa motar baƙin. Su wane ne baƙin? Maƙwabta ne, matafiya, waɗanda suka shigo gari bisa amana. Shari'a ta ba baƙo haƙƙin liyafa na kwana uku, ba ta kuwa ce sai wanda ya yarda a ci shi ba. Haka alƙalin wasa: ko ya karkata, akwai hukumar da ake kai ƙara, hannun ɗan kallo ba kotu ba ne. Mai gida sunan girma ne, a kansa nauyin baƙo yake tun daga shigowa har fita. Wanda ya rera kirarin sannan ya jefi baƙo, ya ƙaryata bakinsa da hannunsa.

Hukumar gasar ta ci ƙungiyar tara, ta rage mata maki, ta kuma hana ta wasa a gida, a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na ƙasa, sai 2023 ta dawo. Dubban da suka zauna lafiya a kujerunsu su ma suka sha hukuncin, har da mai sai da ruwa da mai rake a bakin ƙofa.

Saura magana ɗaya ta fiƙihu da ba a cika tunawa da ita ba. Wanda ya lalata dukiyar wani, lamuninta yana wuyansa, cunkoson jama'a ba ya sauke shi, rashin gane fuskarsa ma haka. Tarar da ƙungiya ta biya tsakaninta ne da hukuma. Gilashin motar nan kuwa yana kan wanda ya yi jifan, har sai ya biya ko masu ita sun yafe.