Wa Ke Da Ikon Gyara Labari?

Akwai wani aiki da ba a biyan mai yin sa ko dala, amma dubban mutane a duniya suna raba dare a kansa: tattara tarihin ƙasashen da ba su taɓa wanzuwa ba. Da yawa daga wasannin bidiyo na zamani suna ɗauke da sarakuna da yaƙe-yaƙe da zuriyoyi na ƙage, an warwatsa labarinsu cikin maganar mutanen wasan da rubutun jikin bango. Masoyan wasan sukan buɗe kundi a intanet, irin wanda ake kira wiki, wanda kowa ke iya shiga ya rubuta ko ya gyara, su yi ta harhaɗa gutsattsarin. Wani zai ce aikin marasa abin yi ne. Sai dai gardamar da suke yi kan ƙa'idar gyara ita ce ke jiran duk ƙungiyar malamai ko ta raya al'adu da ta ɗauki alƙalami don rubuta tarihin garinsu: idan riwayoyi suka saɓa, wa ke da ikon zaɓen ɗaya ya ce ita ce gaskiya?

Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da wasan Zelda na farko a 1986, wasu suka biyo baya, kowane da nasa labari, ba tare da an shimfiɗa cikakken jerin wanne ya riga wanne ba. Masoya suka shekara suna musu. A 2011 kamfanin ya buga littafin Hyrule Historia, ya ce tarihin ya rabu gida uku bayan abin da ya faru a wasan Ocarina of Time na 1998. Hasashen shekaru ya rushe a rana ɗaya, aka koma gyaran shafuka. Dalili kuwa a fili yake: labarin yana da mai shi, kuma mai abu da abinsa ba a ja da shi.

Wasan The Elder Scrolls ya fi wannan koyar da darasi. A cikinsa akwai ɗaruruwan littattafai da mutanen wasan suka "rubuta", kuma da gangan aka sa suna saɓa wa juna: marubucin fada yana yabon sarki, na waɗanda aka ci da yaƙi yana tsine masa. Masu kula da kundin UESP, wanda ya faro tun 1995, sun ga ba su da hanyar sanin wanda ya yi gaskiya a tsakani, sai suka tsaya kan abin da za su iya sani: wane littafi ne ya faɗi kaza, a wane wasa. Maganar da wani ma'aikacin kamfani ya yi a wajen wasan ana yi mata alama daban. Hasashen mai gyara kuwa, komai kyansa, ba a cusa shi cikin labarin.

Almajirin ilimi a ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malaman hadisi sun riga kowa sanin cewa magana ba ta tafiya sai da isnadinta, kuma ba su ƙone riwaya mai rauni ba. Sun ajiye ta, suka rubuta rauninta a gefe, don na baya ya auna da kansa.

To, a ɗauka malaman makaranta a Tamaske, cikin gundumar Keita, sun zauna za su rubuta tarihin garin da na ƙasar Adar. An san cewa wajen 1674 Agabba, ɗan sarkin Agadas Muhammadu Almubarak, ya ci Adar da yaƙi, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Adar a Ilela. Amma Agabba bai tarar da ƙasar fayau ba kowa. Azna suna nan gabaninsa, da gonakinsu da tsafinsu, kuma jikokinsu suna da nasu labarin yadda aka zauna. Lisawan da suka zo tare da shi su ma suna da nasu. A shekara ɗaya, 1975, cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta IRSH a Yamai ta buga littattafai biyu kan wannan ƙasa: na Djibo Hamani, wanda ya bi tarihin daular Adar kafin zuwan Turawa, da na Nicole Échard, wadda ta bi tarihin manoman ƙauyuka. Ƙasa ɗaya ce, amma wanda ya tsaya a ƙofar fada da wanda ya tsaya a bakin gona ba abu ɗaya suke hange ba.

Adar ba ta da Nintendo. Babu wani ofishi da zai buga littafi gobe ya kashe musu. Saboda haka mai gyaran da ya zaɓi riwaya ɗaya ya rubuta ta da muryar "haka aka yi" ya naɗa wa kansa rawanin da ba wanda ya ba shi. Kuma rubutu yana da wani ƙarfi da baki ba shi da shi: yaron da ya karanta abu a takarda yakan koma gida ya gyara wa kakansa magana. Labarin Sarauniyar Lugu, a ƙasar Arewa, ya nuna haka. Ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, kuma takardun Faransawa ba su ba ta wuri mai yawa ba. Abdoulaye Mamani ya rubuta ƙagaggen labari a kanta a 1980, ya ba ta ƙuruciya da kalamai, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Aiki ne na fasaha, kuma ya fito da ita daga mantuwa. Amma yanzu sai mai bincike ya yi da gaske kafin ya rarrabe abin da tsofaffin Lugu suka gada da abin da ya shigo daga littafin.

Wanda ya nufi Wikipedia ta Hausa da tarihin garinsu zai gamu da wata matsala ta daban. Ƙa'idar kundin ita ce a dogara ga abin da aka riga aka buga, kuma kada mai gyara ya kawo binciken kansa. Ƙa'idar tana da hikima, don ita ke hana kowa maida kakansa wanda ya kafa gari. Amma a ƙasar da yawancin tarihi yake a ka, sakamakonta shi ne rahoton wani kwamandan Bature da ya kwana uku a gari, yana ji ta bakin tafinta, ya zama madogara, dattijon da ya shekara tamanin a garin kuwa a ce maganarsa ba ta da shaida. A 2011 Achal Prabhala ya gwada shigar da shaidar baki a wasu sassan Wikipedia na harsunan Indiya da Afirka ta Kudu, amma ƙa'idar ba ta canja ba. Hanyar da ta rage ita ce wadda cibiyar CELHTO, da aka kafa a Yamai a 1968, take bi: a naɗi maganar dattijo, a rubuta sunansa da garinsu da ranar da ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi, a buga, sannan kundi ya samu abin jingina.

Ana iya cewa wannan gudun hukunci ne, wai idan aka jera kowace riwaya to maƙaryaci ya samu kujera kusa da mai gaskiya. Ba haka ba ne. Mai gyara yana da damar cewa riwayar wane ta haɗa mutum biyu da ƙarni guda ya raba, ko kuwa ba a taɓa jin ta ba sai da rikicin sarauta ya taso. Abin da ba shi da dama shi ne ya yanke hukuncin a ɓoye, ya share ɗayar, mai karatu ya zaci ba a taɓa yin musu ba.

Inda kwatancen wasa yake tsayawa shi ne wajen cutarwa. Ba wanda ya taɓa rasa gona don an ce sarkin Hyrule wane ya riga wane. A Adar kuwa, "su wa suka fara zama" magana ce da ake ɗauka zuwa gaban sarki ranar rikicin fadama. Akwai kuma abin da yake gaskiya, da isnadinsa cikakke, amma rubuta shi zalunci ne. Nijar ta sa hukuncin bauta cikin dokar laifuffuka a 2003, duk da haka a jahar Tawa har yanzu jimla ɗaya kan asalin wani gida tana iya warware baiko. Dattijon da ya faɗi irin wannan a zaure, cikin mutum huɗu, ya san wa yake gaya wa. Bai san shafin zai kai hannun ɗan ci-rani a Abijan ba. Haka nan asirin gidajen Azna da ba a faɗa wa bare. Kafin a kunna na'urar naɗi, wajibi ne a gaya masa inda maganar za ta je, kuma idan ya ce a kashe a wani wuri, a kashe, ko da shafin zai fita da giɓi.