Tawakkali a Kan Hanyar Kilimanjaro

Dutsen Kilimanjaro da ke Tanzaniya yana da tsayin mita 5,895, kuma iskar da ake shaƙa a ƙololuwarsa kusan rabin ta bakin teku ce. Mai niyyar hawansa sai ya zaɓi hanya, ya tanadi kayan sanyi da tanti da guzuri, ya ɗauki ɗan jagora kamar yadda dokar ƙasar ta wajabta. To, muminin da ya yarda cewa ajali a rubuce yake, me zai sa ya yi wannan dogon lissafi?

Hanyoyin dutsen sun isa darasi. Ta Marangu ana iya gama ta cikin kwana 5, ta Lemosho kuwa takan ci kwana 8. Masu tafiya sannu a hankali jikinsu yakan saba da ƙarancin iska, su kuwa masu gaggawa ciwon kai da amai sukan mayar da su ƙasa. Wani Bajamushe, Hans Meyer, ya gwada hawan dutsen a 1887 bai kai ƙololuwa ba, sai a 1889, bayan ya kafa sansanoni a hanya kuma ya tafi da gwanin hawan dutse, Ludwig Purtscheller.

Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya umarci mai raƙumi da ya ɗaure shi, sannan ya dogara ga Allah. Ke nan shiri riƙo ne da sababi, kuma yana cikin tawakkali.

Duk da haka, wani yakan shirya tsaf amma jikinsa ya gaza a sansanin Barafu, sama da mita 4,600. Abin da addini ke nema gare shi a wannan hali shi ne ya saurari jagora, ya sauko da ransa, ya gode wa Allah.