Nawa Ya Kamata Ka Taya?

Hausawa sun ce don rashin tayi akan bar arha. Wannan magana gaskiya ce, ita ce kuwa ta ke ba mai saye ƙarfin gwiwa ya faɗi abin da ke aljihunsa ba tare da jin kunya ba. Amma akwai tambayar da karin maganar bai amsa ba, watau, ina iyakar arhar da ta dace da mutumin kirki? Bari mu auna wannan tambaya da cinikin tsohuwar mota, gama da wuya a sami cinikin da gaskiya da ha'inci su ke gogayya a cikinsa kamar wannan.

Motar da za mu yi misali da ita ita ce Peugeot, wadda mu ke kira Fijo, ƙirar mutanen Faransa. Sun fito da samfurin 404 a 1960, sa'an nan 504 a 1968. Saboda ƙarfinta, 404 ta ci babban tseren motoci na Gabashin Afirka har sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri cikin Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 80 daga Zariya, aka kuwa ci gaba da harhaɗa 504 a can shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina yin ta. Mota ce mai jure gargada, injinta ba shi da wuyar sha'ani, kusan kowane bakanike ya iya shi. A zamanin da ta ke tashe, ma'aikatan gidan gona na Samaru da malaman Jami'ar Ahmadu Bello da yawa ita su ka hau, in ta yi ciwo kuwa sai a bi da ita ta Kwangila zuwa garejojin Sabon Gari. Yau ta tsufa, amma ta sami sababbin masoya, masu neman tsofaffin motoci su gyara su ajiye don sha'awa da tunawa da zamanin da.

To, mu ɗauka wani dattijo ya rasu a Samaru, ya bar gwauruwa da marayu, da wata 504 a ƙarƙashin darbejiya. Ta yi shekaru ba a tashe ta ba, tayoyi sun sace, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Kai kuwa ka san mota. Ka leƙa ka ga tsatsa ba ta ci ƙasanta ba, injinta na asali ne, takardunta kuma cikakku. Ka gaisa da mai gidan, ka ce, "Hajiya, nawa za a sallama?" Ta ce, "Ɗan nan, ni ina na san kuɗin mota? Kai ka sani. Ka faɗi abin da ka ga ya dace."

A nan fa gizo ke saƙar. Motar nan kuɗi uku gare ta. Akwai kuɗin 'yan gwangwan, waɗanda za su auna ta a sikeli su saye ta da nauyin ƙarfenta. Akwai kuɗin mai neman abin hawa, wanda zai gyara ta ya riƙa kai yara makaranta. Akwai kuma kuɗin mai sha'awa, wanda ya fi duka tsoka. Hajiya na farkon kaɗai ta sani, gama su ne su ke zuwa ƙofar gida. Kai ka san duka ukun. In ka ɗora ɗan abu kaɗan bisa kuɗin 'yan gwangwan, za ta yi murna har ta sa maka albarka. Ba ka yi ƙarya ba, ba ka tilasta mata ba. Shin ka yi adalci?

Wani zai ce, "Ai kasuwa ce. Ilmin mota wahala na sha kafin in samu, don me zan bayar da shi kyauta? Ni ma in na sayi ruɓaɓɓiya, wa zai mayar mini da kuɗina?" Wannan magana tana da ƙafafu, kada mu raina ta. Lalle sani dukiya ne, mai shi kuwa ya cancanci ya ci moriyarsa. Kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai sayen tsohuwar mota ya ɗauki kasada, dole a rage masa wani abu saboda ita.

Amma a lura, masu sayarwa iri biyu ne. Akwai dillalin Sabon Gari wanda ya kwana ya tashi cikin motoci. Ya san abin da ya ke sayarwa, ya tsuga kuɗi don ya san za ka rage. Da irin wannan, taya yadda ka ga dama, ya ce albarka, ka ƙara, har ku daidaita. Kokawa ce ta tsara da tsara, babu wanda aka zalunta. Akwai kuma wanda ya fito fili ya ce bai san kuɗi ba, ya miƙa maka wuya. Wannan ya ajiye makaminsa, ya mai da kai alƙalin kansa. Daga lokacin da Hajiya ta ce "kai ka sani," ciniki ya zama amana. Malaman mazhabar Malikiyya sun bambanta waɗannan biyu tun da daɗewa. A wurinsu tsada ko arha kaɗai ba ta warware cinikin masana biyu, amma wanda ya bayyana jahilcinsa ya dogara da abokin cinikinsa, in aka kware shi yana da hakki. Mu kuwa a Hausa muna da suna ga cutar wanda ya amince da kai, watau zamba cikin aminci.

To, yaya za ka gane tayin gaskiya? Ba abu ne mai wuya ba ga wanda ya iya lissafi. Ɗauki fensir da takarda. Da fari rubuta abin da motar za ta yi a kasuwa in an gyara ta sarai. Mu ce, don misali kawai, Naira 3,000,000. Sa'an nan ka zo da bakanike mai tsoron Allah ya duba inji da giya da birki da lagireto, ya kwanta ya dubi tsatsar ƙasa, gama tsatsa ita ce ajalin tsohuwar Fijo. Mu ce gyara da fenti da tayoyi da batir za su ci 1,200,000. Ka cire. Har wa yau ka cire ladan wahalarka da na aibin da ido bai gani ba, mu ce 300,000. Abin da ya rage, watau 1,500,000, nan gaskiya ta ke zaune. Kana iya yin ƙasa kaɗan, gama kai ma ba sadaka ka zo yi ba. Amma in ka taya 400,000 don ka ji 'yan gwangwan sun taya 350,000, to, abin da ke tsakani dukiyar marayu ce ka sa a aljihu.

In kuɗinka bai kai ba fa? Faɗi gaskiya. Ka ce, "Hajiya, motar nan ta fi abin da ke hannuna. Ga abin da zan iya, in kuwa kin jira kina iya samun wanda ya fi ni." In ta sallama bayan ta ji haka, halalinka ne, gama ta sayar da idonta buɗe. Mai yiwuwa tana bukatar kuɗin yau, ko tana so motar mijinta ta faɗa hannun wanda zai riƙe ta da kyau. Wannan zaɓinta ne.

Akwai kuma waɗansu dabaru da ya kamata mai saye ya guje musu ko da wa ya ke ciniki. Kada ka kushe abin da ka san lafiyarsa lau. Kada ka haɗa baki da bakanike ya ce inji ya mutu alhali kuwa da ransa. Kada ka yarda da dillalin da zai karɓi la'ada a wurin mai kaya, ya kewayo ya karɓi wata a ɓoye wurinka don ya danne kuɗi. Mai sayarwa shi ma da nasa nauyin: kada ya shafe tsatsa da fenti, ko ya ɓoye cewa motar ta taɓa yin haɗari.

Kada a zaci illar waɗannan abubuwa ta tsaya kan mutum biyu. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, George Akerlof, ya nuna a 1970 cewa in masu saye ba su iya bambanta motar kirki da ta banza, sai kowa ya riƙa taya tsaka-tsakin kuɗi, wanda bai kai na motar kirki ba. Masu motocin kirki su ƙi sayarwa, kasuwa ta cika da tarkace. Ashe duk wanda ya cuci wani a ciniki ya rage wa kasuwar garinsa aminci, shi ma kuwa a kasuwar nan zai kai kayansa gobe.

Saboda haka, ya kai mai karatu, ga ma'aunin da za ka riƙe. Kafin ka buɗe baki ka taya, tambayi kanka: da mai kayan nan zai san duk abin da na sani, zai sallama mini a haka? In ran nan ya gan ni na wuce cikin motar a bakin kasuwar Samaru, zan tsaya mu gaisa, ko kuwa zan kau da kai? In za ka iya tsayawa, tayinka ya yi. In kuwa ka ji za ka kau da kai, koma ka ƙara.