"Ban Yi Niyya Ba": Wutar Gafiya Da Harawar Mutane



Wani matashi ya tsayar da ni bayan sallar Isha'i a nan Kiyako. Sai da ya bari jama'a suka watse sannan ya buɗe baki, kuma da izininsa nake rubuta wannan. Shi da abokansa uku suka je farautar gafiya. Suka tura hayaƙi a rami, ciyawa ta kama, iskar hunturu ta ɗauka. Kafin su ankara wuta ta tsallake gona biyu, ta cinye harawar wani dattijo da tarin karan dawarsa. Ba wanda ya gan su. Ya ce: "Malam, wallahi ba mu yi niyya ba. Akwai wani abu a kaina?"

Na yarda bai yi niyya ba. Wutar dajin da muke gani daga Nuwamba zuwa Fabrairu, daga nan har dazukan Gwaram, da wuya ka samu wanda ya nufe ta yadda ta ƙare. Amma fa a hunturu ba a tsawa, balle a ce aradu ce ta faɗo. Hannun mutum ne. Mafarauci yana son nama, makiyayi yana son busasshiyar ciyawa ta kau toho ya fito, manomi yana ƙyuyar kwashe shara, mai gawayi ya tafi gida ya bar raminsa yana ci.

Ƙasar ma ta sauya. A da wuta kan tashi a daji ta mutu a daji, don gonaki na nesa. Yanzu mun sare, mun nome har bakin makiyaya, burtali ya koma 'yar siririyar hanya. Duk inda wuta ta tashi, taku kaɗan ne tsakaninta da dukiyar wani. Kara da harawa kuwa yanzu kuɗi ne, da su ake fid da dabba daga rani.

To, rashin niyya yana wanke mutum?

Malamanmu sun raba abu biyu da muke cakuɗawa: zunubi daban, lamuni daban. Kuskure na gaskiya Allah Yana yafe zunubinsa. Amma dukiyar mutane, ganganci da kuskure duk ɗaya ne wajen biya. Ai ko kisan kuskure akwai diyya. A Mukhtasar, Shehu Khalil ya sanya mai hura wuta a ranar iska mai ƙarfi cikin waɗanda za su biya abin da ya salwanta. Masu sharhi suka bayyana cewa in ya kunna ta a lokacin da iska ke kwance, a inda ba a tsoron ta isa ga kowa, sai iska ta taso bagatatan, babu biya a kansa. Kun ga ba zuciyarsa aka bincika ba. An duba ne: mai hankali zai kunna wuta a nan, a wannan lokacin?

Nan ne uzurin ɗan'uwanmu ya faɗi. Wanda aka haifa a ƙasar Birnin Kudu ya san hunturu, ya san ciyawar Disamba kamar an zuba mata fetur take. Abin da ka san yana iya faruwa, ka kau da kai saboda gafiya ɗaya, sunansa sakaci, kuma sakaci ba ya shiga cikin kuskuren da aka yafe haka nan.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da ba ta da mai ƙara. Dattijo zai iya zuwa ya ce harawata. Wa zai zo ya ce bushiyata, kunkuruna, ko 'yan tsiron ɗorawa da kaɗanya da ba su kai gwiwa ba? Gambar da matalauta ke yanka su saƙa zana fa? Bukhari ya rawaito labarin wani Annabi da tururuwa ta ciza, ya sa aka ƙone gidansu, Allah Ya yi masa wahayi na zargi a kan halaka al'umma mai tasbihi saboda guda ɗaya. Wannan babu alƙalin da zai yi masa ƙima, amma a rubuce yake. (Mu ma limamai mu duba bolar da muke sa yara su cinna wa wuta a bayan masallaci, mu shige gida.)

Na ce wa matashin tuba kaɗai ba ta isa ba. A ƙiyasta harawar da karan a kan kuɗinsu na ranar da suka ƙone, ya kai kasonsa, kada ya jira abokai su yarda. In dattijon ya yafe, falillahil hamdu, amma sai ya san wa yake yafe wa da abin da yake yafewa.

Ya yi shiru, ya ce yana tsoron a kai shi wurin 'yan sanda, kuma mahaifinsa bai sani ba. Na ce zan raka shi, mu bi ta wurin mai unguwa. Mun sa ranar Juma'a bayan La'asar. Dattijon yana da tumaki tara, ga shi saura wata biyar kafin ruwa ya sauka.

Wallahu a'alam.