Bashin da ke wuyan matuƙin jirgin yaƙi

Ranar 12 ga Satumba, 2014, wani jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet ya tashi daga Yola ɗauke da mutum biyu, bai dawo ba. A lokacin Gwoza na hannun Boko Haram, mu ma a Jigawa barci rabi da rabi muke yi tun harin Gwaram na watan Afrilu. Bayan 'yan makonni sai ga bidiyon matuƙin, Wing Kwamanda Chimda Hedima, yana yawo a wayoyi: yana durƙushe, aka yi masa kisan gilla. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

A majalisarmu ta Takur a Dutse akwai wani dattijo, tsohon direban tirela, da ba a yabon sojan sama a gabansa. Yana sauke kofin shayi zai ce, "Yaro, Rann fa?" Ranar 17 ga Janairu, 2017 yake nufi, da jirgin sojanmu ya saki bam kan sansanin 'yan gudun hijira a Borno, sama da mutum 100 suka rasu, har da ma'aikatan agaji.

Na ce, "Baba, ai Hedima ya fi shekara biyu da mutuwa kafin nan." Ya ce ba mutumin yake tuhuma ba, aikin ne. Kuma yana da hujja. Mai takobi yana ganin idon wanda zai sara. Mai jirgi kuwa lambobi ake ba shi ta rediyo, ya hango rufin kwano da ƙura daga nesa, ya danna. Mace ce ke daka a ƙasa ko ɗan bindiga, sau da yawa maganar wani ya dogara da ita.

Shari'a ba ta bar wannan a duhu ba. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta yi hukunci kan kisan kuskure: ba a kashe wanda ya yi shi, amma jinin ba ya tafiya a banza. Kaffara tana kansa, diyya kuwa, raƙuma 100 a asali, malaman fiƙihu sun ɗora ta kan danginsa, su haɗu su biya. A fahimtata, dangin matuƙi a wannan aiki su ne hukumar da ta tura shi, da mu da muka kwana lafiya a Dutse saboda ya tashi.

Shi ya sa furanni da sakin tattabarun ranar tunawa da sojoji ta 15 ga Janairu ba su ishe ni ba. Ina son a ambaci Hedima da sunansa, a riƙe iyalan irinsa da mutunci. Ina kuma son a rubuta sunayen mutanen Rann ɗaya bayan ɗaya, hukuma ta nemo magadansu, ta biya su diyya a bainar jama'a.