Kwanson Harsashi a Kan Sikeli

Da yawa daga cikinmu a unguwar nan sana'ar gwangwan muke yi, mun kuma san tagulla tana da kuɗi. To, idan aka kawo mana kwanson harsashin igwa da sunan wani soja a jikinsa, sai mu aza a sikeli kawai?

A Turai akwai masu tara irinsa. Sojojin yaƙin 1914 zuwa 1918 sukan zana furanni da sunaye a jikin kwanso, su kai gida tsaraba. Mu ma kakanninmu sun je yaƙin Bama, wasu ba su dawo ba.

Wani zai ce, abin da aka ƙera don kisa, ina amfanin adana shi? Gaskiya ne, ba abin alfahari ba ne. Amma wanda ya zauna yana zana sunansa, so yake kada a manta da shi. Harsashin ya riga ya yi ɓarnarsa, sunan ne ya rage.

Saboda haka kafin mu auna, mu tambaya: na wane ne? 'Ya'yansa sun sani? Kuɗin ba zai kwana uku a aljihu ba. In kuwa aka narkar, shi ke nan.